Sharhi: Waƙoƙin da rediyo ta raini matasan jiya da su, a hannun wa suke yau?

Duk wanda ke cikin wani zauren WhatsApp na tsofaffin ƴan lakwal ɗaya, ko na ƴan unguwa ɗaya da neman abinci ya warwatsa, ya san irin saƙon nan. Yakan shigo ne can cikin dare, bayan an tashi daga aiki. Wani daga Tarabulus, ko Tamanrasat, ko Abijan, ko wani mai jan babbar mota a Amurka, zai aiko da saƙon murya yana gunguni da wani ɗan kiɗa, ya tuna rabi rabi ya ɓace masa, sannan ya roƙi don Allah wa ke da waƙar nan da ake sawa a rediyo da hantsin Lahadi, lokacin suna aji uku na kolej. Kafin kiran assalatu mutum goma sun amsa. Kowa ya tuna waƙar, kowa ya tuna bakin ƙofar da yake zaune ranar da ya fara jin ta, har a yi ta musu kan sunan wanda ya rera ta. Ita kanta waƙar kuwa, sau da yawa babu mai ita a waya. In an taki sa'a wani ya tono guntunta a YouTube, wanda aka kwafo daga kasat ɗin da ya sha rana, murya na fitowa kamar daga cikin tulu, babu farko babu ƙarshe, babu sunan makaɗa, babu shekara.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wanda ya wuni yana ɗaukar bulo a Sabha, ya kwanta a ɗaki ɗaya da mutum takwas, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta koma Birni ko Zariya ko Sabon Gari na shekaru ashirin da suka wuce. Sai dai ko wanda ya samu, mai ofis da mota a Yamai, haka yake yi idan waƙar ta faɗo masa a kunne cikin taksi. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya gani ya ji tsakanin shekara goma da ƴan kai zuwa ashirin da wani abu shi ya fi zama daram a ƙwaƙwalwarsa har tsufa. Lokacin ne ake fara komi: fara barin ƙauye zuwa kolej a birni, fara kwana gidan mai masauki da ba dangi ba, fara tsayawa zance, fara faɗuwa jarrabawa. Waƙar da ke tashe a lokacin ita ce igiyar da aka ɗaure waɗannan abubuwa da ita, shi ya sa in an ja ta sai su taho gaba ɗaya.

Ga ƴan Nijar da suka haura shekara arba'in da biyar, igiyar nan daga gida ɗaya ta fito. An buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958, tun kafin samun ƴancin kai, aka raɗa masa suna Muryar Sahel a 1974, kuma ya yi shekaru talatin da ƴan kai babu kishiya a cikin ƙasa. Wannan kaɗaici yana da illarsa, za a zo kanta, amma ya yi wani abu da babu minista ko jam'iyyar da ta taɓa yin irinsa. Yaro a Gaya da yaro a Gure da yaro a Ngigmi waƙa ɗaya suke ji a sa'a ɗaya. Bahaushen Tasawa ya haddace waƙar Zabarmanci tun daga farko har ƙarshe bai san ma'anar kalma ko ɗaya ba, Bazabarmen Tera ya iya amshin waƙar Hausa, kowa ya san kukan sarewar Fulani da tenden Abzinawa. A zamanin Seyni Kountché, lokacin da samariya ke da ƙarfi, kowace jiha kan tura ƴan wasanta bikin matasa na ƙasa, rediyo ta ɗauki abin da aka rera a faifai, ta yi ta maimaita shi har shekara ta kewayo. Masu kiɗan zamani irin su Elhaji Taya da Ali Zibo da Mahaman Garba ta wannan ƙofa suka shiga gidajen mutane. A 1987 aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, bayan shekara biyu kuma aka buɗe cibiyar koyon kiɗa ta CFPM a Yamai, wadda ke amsa sunan Taya. Tsakanin shiri da shiri akwai wani ɗan kiɗan molon bature mai lantarki, mai sanyi, da kowa ya sani kamar sallamar maƙwabci, amma da wuya a sami wanda ya san mai kaɗa shi.

Matasan kudu suna da wata tagar. Da dare ya yi, iska ta lafa, sai a murɗa akwati a kan gajeren zango a hankali, ana ratsa ƙugi da shewa, har a kamo Kaduna. Can ake jin Shata da Ɗan Maraya da Barmani Coge, da shirin zaɓi sonka da ake karanto sunayen masu gaisuwa daga garuruwan da yaro bai taɓa takawa ba. In an ƙara murɗawa kaɗan a faɗa Africa N°1, wadda ta fara watsa shiri daga Gabon a 1981 ta cika Afirka ta Yamma da kiɗan Kwango. Iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Daura, ta ƴan duwan ce da jandarmomi, muryar rediyo ba ta taɓa tsayawa a shinge ba.

Sai kuma aka yi taron ƙasa na 1991, bakin mutane ya buɗe. A 1994 R&M ta fara aiki a Yamai a matsayin gidan rediyo mai zaman kansa na farko, Anfani ta biyo baya ta kuma miƙa rassa zuwa Damagaram da Maraɗi da Diffa, wasu suka yi ta ɓullowa. Waɗanda suka yi ƙuruciya daga nan zuwa wajen 2005 su ne yau suka fi cika zaurukan WhatsApp da neman tsofaffin waƙoƙi, kuma suna da hujja. A hannunsu ne rediyo ta sauko daga bene ta zauna a kan tabarma. Tashin fada a biranen Nijar da tashin rediyon FM tare suka yi. Samari marasa aiki, ko ƴan lakwal da yajin aiki ya maida gida, su haɗu a ƙofar gida ko gindin bedi, a hura gawayi, a ɗora shayi, akwatin rediyo a tsakiya. A yi karo-karo, dala biyar daga nan, dala goma daga can, a sayi katin gaisuwa, a cika shi da sunaye har bayan takarda, a aiki ƙarami ya kai gidan rediyo da gudu. Daga nan sai jira. Mai gabatarwa zai karanto sunan fadar, ya bi mambobi ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare da wani suna na mace da aka saƙala a tsakiya kamar ba da gangan ba, wanda duk unguwa ta san dalilin saka shi. Idan ya tsallake sunan wani, ranar akwai rigima. Idan ya sa waƙar da aka roƙa, to fadar nan ta ci kasuwar mako.

Mallakar waƙa a lokacin aiki ne na haƙuri. Ana sa kasat marar komi a cikin akwati, yatsa biyu a kan maɓallan ɗauka, ana addu'ar kada mai gabatarwa ya yi surutu a kan farkon kiɗan, shi kuwa kamar ya sani sai ya yi. Da yawa daga kasat ɗin da ke cikin akwatunan mutane a yau haka suke, waƙa da guntun muryar ɗan jarida da tallar maganin sauro a manne da juna, kuma mai kasat ɗin in ya ji waƙar tsaf babu wannan murya sai ya ga kamar an rage wani abu. Ana juya kasat da biro don kada pil ya ƙare. Pil ɗin ma in ya yi sanyi a shanya shi a rana, a ɗan daddaƙa shi da dutse, a ce ya farfaɗo. Bayan karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada a dare ɗaya, kasat guda sai a shafe shi a sake ɗauka a kai sau biyar, kowace sabuwar waƙa ta binne wadda ta riga ta.

Abin da ke fitowa daga akwatin kuwa gauraye ne da ba shi da shamaki. Ga Sa'adu Bori, wanda Maraɗi ba ta manta da shi ba, da ya ɗauko amon bori ya ɗora a kan gita har dattawa suka rasa ko su yi faɗa ko su gyaɗa kai. Shi da Musa Pusi suka fitar da faifan Niamey Twice a 1994 a hannun kamfanin Stern's na Landan, ɗaya da Hausa ɗaya da Zabarmanci. Ga Fati Mariko da ƙungiyar Marhaba, ga Mali Yaro, ga Adams Junior da rege, ga Hamsu Garba da muryarta mai cika fili, ga Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni da aka kafa a 1995. A gefensu Alpha Blondy da Lucky Dube, Oumou Sangaré, Kassav', Pepe Kalle da Koffi Olomide da Awilo Longomba, sai Magic System da ta zo ta rufe ƙarni. Ƴan mata na kwafar kalmomin Céline Dion a bayan littafin lissafi. Waƙoƙin Indiya kuwa babu gidan da ba su shiga ba, har da gidajen da aka hana kiɗa, domin uwar gida ce da kanta ke kunnawa tana tankaɗe. Daga ƙarshen shekarun 1990 ƴan rap suka karɓe maraice, Lakal Kaney da Wass Wong da Kaidan Gaskia da sauransu, suna faɗa wa manya abin da jarida ke tsoron bugawa. Bayansu waƙoƙin fina-finan Kano suka malalo, cikinsu har da muryar ƴar Maraɗi, Fati Nijar, wadda ta tsallaka ta yi suna a can ta dawo gida ta cikin rediyo.

Kada kewa ta sa a yi wa tarihi kwalliyar ƙarya. Rediyon da ta haɗa kan ƙasa ita ce kuma ta yi shekaru tana yabon duk wanda ke kan kujera, kuma mawaƙin da bai iya yabo ba ya san tsawon layin da zai bi kafin a sa waƙarsa. Shekarun da ake kira na daɗi su ne na albashin da ake bin gwamnati wata da watanni, na shekarun karatu da aka soke, na juyin mulkin 1996 da na 1999. Anfani ɗin da samari ke kai wa katin gaisuwa sojoji sun taɓa rufe ta a zamanin Ba'are. Kuma waɗanda yau ke cewa waƙoƙin yaran zamani hayaniya ce marar ma'ana su tuna abin da iyayensu suka ce ranar da suka ji rap a tsakar gida. Yarinyar da ke bin waƙa a TikTok a Tawa yau, ita ma nan da shekara ashirin za ta ji wani amo ƙirjinta ya buga. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara goma sha biyar ba. Mafi yawan mutanen ƙasar nan ba su taɓa riƙe kasat a hannu ba, kuma babu laifinsu a ciki.

Matsalar tana wani wuri dabam. A ɗauki jerin sunayen nan na sama a gwada nema a waya. Alpha Blondy, Kassav', Céline Dion, Koffi: cikin ƙiftawar ido za su fito, faifai bayan faifai, da sauti garau da hoto da shekara. A nemi Elhaji Taya, a nemi Ali Zibo, a nemi waƙar da ƴan wasan Damagaram ko na Tawa suka ci gasa da ita a bikin matasa, a nemi Ma'azu Ɗan Alalo. Abin da za a samu ɗan tsintuwa ne da wasu masu kishi suka ɗora da kuɗin aljihunsu, Allah ya saka musu. Rabin ƙuruciyar ɗan Nijar, wanda aka shigo da shi daga waje, yana nan a adane domin ƙasashen da suka yi shi da kamfanoninsu sun adana. Rabin da aka yi a gida shi ne ke zubewa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Nijar ba ta taɓa samun babban kamfanin buga faifai irin na Abijan ko Legas ko Kinshasa ba. Shekaru da dama ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasa, da na tashoshinsa na jihohi, su ne kusan kawai inda mawaƙi zai shiga a ɗauke shi da na'ura ta kirki. Waƙa da yawa da duk ƙasa ta haddace ba a taɓa sayar da su a kasuwa ba, zare ɗaya ne a kan faifan nan mai kama da fai-fai, a kan kanta, a ɗaki guda. In wannan zare ya mutu, waƙar ta bi shi, sai abin da wani yaro ya ɗauka da yatsa biyu.

Labarin ɗan kiɗan nan na tsakanin shirye-shirye ya isa misali. Mai shi Mamman Sani ne, wanda ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a 1978, aka buga kasat ƴan kaɗan, suka ɓace. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kwafi ɗaya a Yamai, ya nemi mai shi, suka sake fitar da faifan a 2013, sannan duniya ta san sunansa, har ya je Turai ya yi wasa da furfurarsa. Babu abin zargi a kan baƙon, ya yi abin da ya kamata, kuma ta hannunsa ne Mdou Moctar na jihar Tawa ya fara fita duniya. Abin tambaya shi ne waƙa nawa ne irin wannan ke jiran wani baƙo ya biyo ta hanya. Tun a shekarun 1960 kamfanin Ocora na Faransa ya buga faifan makaɗan gargajiyar Nijar, kuma har gobe ya fi sauƙi mai bincike ya saurare su a Paris da ya same su a garin da aka haifi makaɗan.

Zaren faifai kuma ba ya jiran kowa. Leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin danƙo, kuma maƙiyansa uku duk ƴan gida ne a Sahel: zafi, ƙura, da laimar damina. Zafin Afrilu na busar da shi ya yi ƙaiƙayi, laima na sa danƙon ya saki har zaren ya manne da juna ko ya yi funfuna, ƙurar hunturu na kankare shi duk lokacin da aka kunna. Ko zaren ya tsira, na'urar da ke karanta shi ta zama abin nema, domin yawancin kamfanonin da ke ƙera irin su Studer na zare sun daina tuntuni, kayan gyaransu sai a tsofaffin kasuwanni, masu gyaran kuma suna ta yin ritaya. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa wajen 2025 samun na'urorin da ke aiki zai zama da kamar wuya. Wannan wa'adi ba na gaba ba ne kuma.

An taɓa yin aikin a ƙasa mai irin wannan hali. A Gini, inda gwamnatin Sékou Touré ta tara kiɗan ƙasa a gidan rediyo, wani mai bincike ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, da tallafin babban ɗakin karatu na Birtaniya, ya zauna tsakanin 2008 da 2013 yana kwafe zare ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta. An ceto waƙoƙi fiye da 9,000. Ba a gina sabon bene ba, ba a kira taron ƙasa da ƙasa ba. Na'urori ƙalilan ne, da ɗaki mai sanyi, da mutum mai naci, da hukumar da ta yarda ta buɗe ƙofa.

Saboda haka abu na farko da ya kamata hukumar RTN ta yi, wanda ba ya cin ko jika ɗaya ta kirki, shi ne ta fito da lissafin abin da ke hannunta a bainar jama'a: zare nawa ne a Yamai, nawa ne a tashoshin Damagaram da Maraɗi da Tawa da Agadas da Diffa da Doso, wanne aka riga aka kwafe, wanne ke jira, wanne ya mutu. Dukiyar jama'a ce, da kuɗin jama'a aka ɗauke ta, kuma duk aikin da aka yi a kanta in mai sauraro ba zai iya kaiwa gare shi ba, to da sauran aiki. Gidajen rediyo masu zaman kansu su ma suna da nasu kwalaye, musamman na shekarun rap, lokacin da yara ke kawo waƙa a kasat ko CD guda ɗaya tilo su bar ta a nan. Akwai cibiyoyin da suka san wannan sana'a, IRSH da CELHTO a Yamai sun daɗe suna adana muryoyi, ga CFPM, ga jami'o'in Abdu Mumuni da André Salifou da Ɗan Dikko Ɗankulodo da Djibo Hamani cike da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai. Sannan akwai waɗanda suka fi zaren saurin tafiya: tsofaffin masu gabatarwa da masu na'ura, waɗanda in an kunna musu daƙiƙa biyar za su faɗi sunan mai waƙa, da mai gita, da shekarar, da rigimar da aka yi ranar ɗauka. Kwali da yawa babu rubutu a jikinsa. In waɗannan dattawa suka wuce, za a iya ceto sauti a rasa sunan mai shi.

Sai batun haƙƙi, wanda masu kewa ba su cika son a tayar ba. Sa'adu Bori ya rasu a hatsarin mota a 2008, Hamsu Garba ta rasu a watan Disambar 2022, da yawa daga tsararsu sun riga mu gidan gaskiya, wasu na nan da rai suna fama da kuɗin magani. Mutum ya yi hawaye a kan waƙa a Brussels, ya tura wa mutum ɗari, iyalin mai waƙar ba su ga ko dala ba. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA, kuma duk shirin kwafe tsofaffin faifai da ba a sa ta a ciki tun farko ba, da sunayen magada a rubuce, zai zama an ceto waƙa ne don wani ya ci riba. Masu ɗora waƙoƙin a YouTube da ke samun ɗan abin talla su ma su san cewa kishi ba ya goge bashi.

Za a ce ƙasar da ke fama da ƴan bindiga a Tilaberi da Diffa da kan iyakar Maraɗi, ga tsadar hatsi, ga ambaliya, ba ta da lokacin tsofaffin waƙoƙi. Wasu kuma, cikinsu har da waɗanda suka yi rawar Awilo da ƙuruciya suka tuba, za su ce kiɗa ba abin da za a kashe wa kuɗin jama'a ba ne. Amsar duka biyun tana kan kanta ɗaya. A ɗakin da aka ajiye waƙoƙin nan ake ajiye tafsirin malaman da suka rasu, da jawaban Diori Hamani, da tarihin garuruwa daga bakin tsofaffi, da wasannin kwaikwayo na rediyo, da sharhin kokowa tun daga gasar farko ta 1975 a Tawa wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Funfuna ba ta zaɓe. Kuma tun daga 2023 babu kalmar da aka fi furtawa a ƙasar nan kamar ƴancin kai: an canza sunayen tituna a Yamai, an maida cibiyar al'adu ta Jean Rouch ta koma Moustapha Alassane, a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Canza allo aikin yini ɗaya ne. Hukumomin da suka yi wannan su ne ya fi cancanta a tambaya inda muryoyin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak na shekaru sittin suke kwana.

Su ma masu aiko da saƙon murya cikin dare akwai abin da ke hannunsu, wataƙila fiye da yadda suke zato. Ƴan bida na da da kasat suke tafiya, da kasat suke aiko da gaisuwa gida, kuma a Kumasi da Kwatano da Legas da Jidda akwai akwatunan ƙarfe da ke ɗauke da waƙoƙin da ƙila ko gidan rediyon ba shi da su yanzu. A gida ma haka, a ƙarƙashin gadon tsohuwa, ko a shagon mai sayar da kasat da ya koma tura waƙa a kart memwar ya tura kwalayen baya. Wanda ya samu irin wannan kada ya yi gaggawar cusa shi a tsohuwar rediyon da ta shekara goma ba a kunna ba, domin sau ɗaya za ta tauna zaren. A ajiye kasat a tsaye cikin kwalinsa, nesa da rana da jikin bango mai laima da lasifika. A rubuta a takarda duk abin da aka tuna: mai waƙa, gari, shekara, tashar da aka ɗauka. In za a kwafe, a nemi mai na'ura mai lafiya ya haɗa ta da kwamfuta da waya, ya ɗauki gefe biyun cikakku har da surutun mai gabatarwa da tallar, a ajiye babban kwafin wuri biyu kafin a tura ƙaramin a WhatsApp, wanda ke matse sauti ya zubar da rabinsa. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna ƙetare da ke tara kuɗin kai gawa gida da na gina aji sun san yadda ake karo-karo, kuma kuɗin na'ura ɗaya mai kyau da albashin matashi ɗaya na shekara a Damagaram ko Maraɗi bai kai na tikitin jirgi uku ba.